Kano Zuwa Jidda: Nisa Ɗaya, Awoyi Daban-daban

Duk shekara idan jigilar maniyyata ta kankama, tambaya ɗaya ce ke yawo a sansanin alhazai da cikin gidajen da suka yi rakiya: awa nawa jirgi ke yi kafin ya sauka Jidda? Wanda ya sauke farali a 2019 zai ce awa huɗu da rabi. Wanda ya je a 2023 zai rantse sun kusa awa bakwai a sama. Wani ya duba tikitinsa ya ce shida da rabi ne a tafiya, uku ba kwata a dawowa. Ɗan umara da ya bi ta Addis Ababa kuwa, wuni guda cur ya sani. Babu maƙaryaci a cikinsu, kowa dai da abin da ya auna. Nisan da ke tsakanin filayen jirgin biyu bai taɓa ƙaruwa ko raguwa ba. Lokacin ne ke sauyawa, kuma iska da inji da hukuncin mutane ne ke sauya shi. Wanda ya fahimci wannan zai daina zargin matuƙi da laifin da ba nasa ba, zai kuma san inda ya kamata ya tsaya ya yi tambaya kafin ya biya kuɗin tikiti.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kilomita 3,420 ne, ko a ce 3,400 da ɗoriya. Ba wanda ya bi hanyar da igiyar awo. Lissafi ne ya fitar da adadin. Kowane filin jirgi yana da matsayinsa a doron ƙasa: na Kano yana digiri 12 arewa da ikwaita (layin da ya raba duniya arewa da kudu), digiri 8 da rabi gabas da layin Greenwich (wanda daga shi ake ƙirga gabas da yamma), na Jidda kuma yana kusa da digiri 22 arewa, digiri 39 gabas. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an raba shi digiri 360, kowane digiri ya tashi kilomita 111. Tazarar Kano da Jidda a kan wannan kewaye ta kusa digiri 31. A ninka, a sami amsa.

Da wannan lissafin ne ake gane cewa alhazan Najeriya ba tafiya ɗaya suke yi ba. Daga Maiduguri zuwa Jidda kusan kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato kusan 3,700, daga Legas kusan 4,200. Mutumin Yamai yana da kusan 4,000 a gabansa. Wanda jirginsa zai sauka Madina kai tsaye daga Kano, nasa 3,560 ne. Tsakanin Maiduguri da Legas kaɗai akwai bambancin da ya haura awa guda a sama.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ganin lambobi uku a kan tafiya ɗaya: wani wuri 3,420, wani 2,125, wani 1,850. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne na ƙasa, mai mita 1,609. Na uku mil ne na teku, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙan jirgin sama da na ruwa ke aiki. Duka ukun abu ɗaya suke faɗa.

Wannan adadi na 3,420 shi ne hanya mafi gajarta da za a iya bi a kan duniya mai siffar ƙwallo. Idan aka samu taswirar nan mai kamar ƙwallo da ake ajiyewa a makarantu, aka ɗora zare a kan Kano da Jidda aka ja shi ya miƙe, inda zaren ya kwanta nan ce hanyar. A shimfiɗaɗɗiyar taswira ta bango ko ta waya, layin yakan bayyana da ɗan lanƙwasa, har mutum ya zaci jirgi zagaye yake yi. Taswirar ce ke da matsala, domin ba a shimfiɗe ƙwallo a takarda ba tare da an ja wasu sassa sun buɗe ba. A tafiyar Kano zuwa Jidda lanƙwasar kaɗan ce, saboda garuruwan biyu ba su yi nisa da ikwaita ba. A dogayen hanyoyin arewacin duniya ne abin ke ba da mamaki: jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles arewa yake dosa, ya ratsa kusa da ƙuryar duniya mai ƙanƙara, sannan ya gangaro Amurka daga sama, kuma wannan ce gajeriyar hanyarsa.

Musulmi sun riga masu jirgi sanin wannan lissafi da ƙarnuka, domin shi ne lissafin alƙibla. Malamai irin su Al-Biruni, tun a ƙarni na 11, sun yi aiki a kan yadda za a gano fuskar Makka daga gari mai nisa a kan duniya mai zagaye. Alƙiblar Kano tana digiri 68 idan an ƙirga daga arewa, wato gabas ce da ta karkata arewa. Jidda kuma maƙwabciyar Makka ce. Saboda haka jirgin da ya tashi Kano ya ɗauki gajeriyar hanya, hancinsa kusan daidai yake da inda liman ke fuskanta a masallacin Juma'a.

Idan aka bi layin a ƙasa, yana barin Kano ya ratsa ƙasar Haɗeja da arewacin Yobe, ya shafi kusurwar Nijar ta wajen Diffa, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya keta hamadar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur. Yana tsallake Kogin Nilu a kusa da Dongola, ya isa gaɓar Bahar Maliya a arewa da Port Sudan, sannan ya haye ruwa zuwa Jidda. Kusan kashi biyu cikin biyar na tafiyar a sararin samaniyar Sudan ake yin ta. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin Boeing 747 da Airbus A330, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun kai tsayin da suke miƙewa, wato ƙafa 33,000 zuwa 41,000, kilomita 10 zuwa 12 ke nan daga ƙasa. A raba 3,420 da 850, a sami awa huɗu da minti ɗaya. Nan ne mafi yawan masu lissafi ke tsayawa, kuma nan ne kuskuren ke shigowa, domin jirgi ba ya yin wannan gudun daga farko har ƙarshe. Yana barin titinsa da gudun da bai wuce kilomita 300 a awa ba. A ƙasa da ƙafa 10,000, doka a mafi yawan ƙasashe ta taƙaita gudu zuwa kusan kilomita 460 a awa, saboda nan ne cunkoson jirage da tsuntsaye suke. Hawa zuwa sama yana cin minti 20 zuwa 30 ga jirgi mai nauyi. Saukowa kuma tana farawa tun da sauran kusan kilomita 200, ana rage gudu mataki-mataki. Jirgi yana tashi ne yana sauka yana fuskantar iska, don haka idan iskar ranar ta sa an tashi ta yamma, sai an yi kwana a sama kafin a juyo gabas, haka nan a wajen sauka. Waɗannan duka sukan ƙara kusan rabin awa. Daga nan awa huɗu da rabi ta fito.

Wannan rabin awa kusan ba ya canzawa, ko tafiya doguwa ce ko gajeriya, shi ya sa gajeriyar tafiya ke zama kamar an cuci fasinja. Kano zuwa Abuja ta sama kusan kilomita 365 ne. Da gudun 850 za a yi ta, minti 26 sun isa. Amma jirgin bai gama hawa ba lokacin saukowa ya yi, sai ka ga an shafe minti 40 ko 45 a sama, tikiti kuma ya rubuta awa guda. Nisan Jidda ya ninka na Abuja sau tara, lokacin da tikiti ke rubutawa kuwa bai fi ninki biyar ba.

Me ya sa tikiti ke rubuta fiye da abin da aka yi a sama? Domin kamfanonin jirage ba daga tashi suke fara ƙirga ba. Suna farawa ne daga sa'ad da aka cire waigi daga tayar jirgi aka fara tura shi baya, su tsaya sa'ad da aka mayar da waigi a filin da aka sauka. Gangarawa zuwa titin tashi, jiran layi, gangarawa zuwa wurin tsayawa, duk suna ciki. A filin da ba cunkoso minti goma ne a kowane ɓangare. A Jidda lokacin aikin hajji, da jirage ke sauka daga ko'ina a duniya dare da rana, abin yakan wuce haka, wani lokaci ma a sa jirgi ya yi ta kewaya a sama yana jiran a ba shi dama. Kamfanoni kuma sukan ƙara 'yan mintuna da gangan a jadawalinsu, saboda a ƙa'idar harkar jirgin da bai makara da minti 15 ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka zo a kan lokaci. A ganina wannan ba yaudara ba ce matuƙar ba a wuce gona da iri ba. Gara a ce wa tsohuwa awa biyar ta sauka a huɗu da rabi, da a ce mata huɗu ta yi ta zullumi.

Babban abin da ke sa tafiya da dawowa su bambanta shi ne iska, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya natsu. Jirgi a cikin iska yake tafiya, iskar kuma ita ma tafiya take yi. Mai kwalekwale a Kogin Kwara ya san wannan: tuƙi ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma gangara da hawa ba lokaci ɗaya suke ci ba. Jirgin da ke gudun 850 a cikin iska, idan iskar tana tura shi daga baya da gudun kilomita 100, a ƙasa 950 yake ci. Idan ta gaba take bugo shi, 750 yake ci. A kan kilomita 3,420, na farko awa uku da minti 36 ne, na biyu awa huɗu da minti 34. Kusan awa guda ke nan tsakaninsu, da jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, hanya ɗaya.

Akwai wani abu a ɓoye cikin wannan lissafi. Idan aka haɗa tafiya da dawowa, awa takwas da minti goma ne, alhali da babu iska ko kaɗan awa takwas da minti uku za a yi. Iska ba ta mayar da duk abin da ta karɓa, saboda jirgi ya fi daɗewa yana fama da ita fiye da yadda yake daɗewa tana taimakonsa.

A tsayin da jirage ke bi akwai wasu koguna na iska masu tsananin gudu, siraran gaske idan aka kwatanta da tsawonsu. Mafi shahara suna kadawa daga yamma zuwa gabas, gudunsu yakan wuce kilomita 200 a awa lokacin sanyi. A watan Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya hau irin wannan iska daga New York zuwa Landan, ya cinye kilomita 5,500 da ɗoriya cikin awa huɗu da minti 56. Nisan ya fi na Kano zuwa Jidda da kilomita 2,000, lokacin kuwa kusan ɗaya. Daga nan ne mutane suka ɗauko maganar cewa tafiya gabas ta fi sauri a kullum.

A hanyarmu maganar ba ta tsaya haka ba. Lokacin hunturu, kogin iskar yamma yana saukowa kudu ya ratsa saman Libiya da Masar da arewacin Saudiyya, gefensa ya taɓa hanyar Jidda. A wannan lokacin mai tafiya yana samun turi, mai dawowa yana shan wahala. Amma daga Yuni zuwa Satumba, lokacin damina, wani kogin iska na daban yana tasowa daga wajen Indiya, ya bi ta kudancin yankin Larabawa da Sudan zuwa Sahel, yana kadawa daga gabas zuwa yamma. A waɗannan watanni mai dawowa gida ne iska ke turawa. Tunda watan Zulhajji yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, alhajin da ya je a shekarar da hajji ya faɗo cikin hunturu da wanda ya je a shekarar da ya faɗo cikin damina ba iska ɗaya suka tarar ba, ko da a ce komai nasu ɗaya ne.

Wasu kan ce juyawar duniya ce ke kawo bambancin, wai ƙasa na gudu a ƙarƙashin jirgi. Duniya tana juyawa, a ikwaita da gudun kusan kilomita 1,670 a awa, amma tare take juyawa da iskar da ke kewaye da ita da duk abin da ke cikin iskar. Da ba haka ba, da jirgi mai saukar ungulu ya tsaya cak a saman Kano ya jira Dakar ta zo ta same shi. Rawar da juyawar duniya ke takawa ita ce ta tsara inda waɗancan kogunan iska ke dosa.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa kaso. Da damina hadari yakan taso ya yi tsayin da ya fi na jirgi, kuma matuƙi ba ya kutsawa cikinsa. Yana hango shi a na'urarsa ya kauce da kilomita 30 ko fiye, kowace kaucewa kuma mintuna ce. Da hunturu hazo ne matsalar Kano. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a arewacin Chadi takan rufe gari har a kasa ganin titin jirgi, a jinkirta tashi ko a karkatar da mai sauka zuwa wani filin. Wannan ne dalilin da ya sa doka ta wajabta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin na ko-ta-kwana, da ƙarin na aƙalla minti 30 a kan haka.

Sai kuma abin da mutane suka tsara da hannunsu. Sama tana da hanyoyi da mahaɗai, kowace da sunanta, kuma an raba ta yanki-yanki. A lokacin zaman lafiya, jirgin Jidda yana farawa a hannun masu kula da sararin samaniya na yankin Kano, ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, su miƙa shi ga na Njamena da ke ƙarƙashin ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da ke wannan aiki a Chadi da wasu ƙasashen Afirka, su kuma su miƙa ga Khartum, daga nan sai Jidda. Kowace ƙasa sai ta ba da izini, kuma sai an biya ta kuɗin ratsawa. Masu zuwa gabas suna bin tsayi mai lambar mara, kamar ƙafa 35,000 da 37,000, masu zuwa yamma suna bin mai lambar cika, kamar 36,000 da 38,000, don kada a yi gaba da gaba. Jiragen alhazan Afirka ta Yamma suna da wata wahala ta musamman: suna keta hanyoyin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka a gicciye, don haka ba kullum matuƙi ke samun tsayin da ya nema ba. Waɗannan hanyoyi ba su kwanta daidai kan zaren da muka ja ba, sukan ƙara 'yan kilomitoci, amma a shekarun zaman lafiya ƙarin ba ya da yawa.

A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wata rundunar masu ɗauke da makamai ta ƙasar, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Saman Sudan ta Kudu ma ya shiga ciki a farkon rikicin, domin a lokacin daga Khartum ake kula da jiragen da ke ratsa ta can sama. Sauran makonni shida ke nan a fara jigilar maniyyatan Najeriya, a shekarar da ƙasar ke da kujeru 95,000. Kashi biyu cikin biyar na hanya ya toshe a dare ɗaya.

A kan taswira, kauce wa Sudan ta arewa ba wani abu ba ne. Daga Chadi a shiga kusurwar kudu maso gabashin Libiya, a bi kudancin Masar a haye Bahar Maliya, ƙarin bai kai kilomita 200 ba. Amma tun 2014 kamfanoni da yawa, da hukumomin da ke sa musu ido da masu ba su inshora, ke gudun sararin Libiya saboda rikicinta. Wanda ba zai bi can ba sai ya yi kudu: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, ya kewayo ta wajen Uganda da Kenya, ya hau Habasha, sannan ya fito Bahar Maliya ta ƙasa. Wannan zagaye yana kai tafiyar kilomita 5,000 zuwa 5,500, awa shida zuwa bakwai ke nan. Ga amsar alhajin 2023.

Ƙarin awa biyu a sama kuɗi ne tsagwaronsu. A330 yana ƙona kusan tan shida na mai a awa, 747 kusan tan goma. Ƙarin mai ƙarin nauyi ne, wani lokaci sai an rage kaya kafin jirgi ya iya tashi da zafin rana, domin iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi. Ma'aikatan jirgi suna da iyakar awoyin da doka ta yarda su yi aiki a jere. Jirgin da a da zai je ya dawo ya sake lodi, yanzu sawunsa ya ragu. Wannan ne ya sa kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci a waccan shekarar, bayan hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta riga ta sanar da kuɗin kujera. Mutane da yawa sun ɗauka ƙulli ne kawai na cin kuɗin talaka. Ana iya jayayya a kan adadin, da kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin, amma asalin ƙarin gaskiya ne. Watanni kaɗan bayan haka Nijar ma ta rufe samanta, daga farkon Agusta zuwa farkon Satumba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen Turai masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka suka koma dogon zagaye.

Abin yana da ciwo idan aka tuna cewa Sudan ce hanyar hajjinmu tun fil azal. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur da ƙafa da jakuna, wasu wata da watanni, wasu shekaru suna noma suna tara guzuri a hanya, wasu suka zauna can har yau zuriyarsu na garuruwa irin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jiragen farko da suka sauka Kano, guda uku na sojan saman Ingila, ta Sudan suka biyo: sun bar Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoban 1925, suka iso ranar 1 ga Nuwamba, suna sauka suna shan mai a hanya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga daga Khartum zuwa Kano ta El Fasher da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, da Maiduguri. Tafiyar da ta ci waɗancan jirage kusan mako guda, yau awa huɗu ce da 'yan mintuna. Sai dai tun shekarun 1960, da Boeing 707 ta zama ruwan dare, gudun jiragen fasinja bai ƙaru ba. An mayar da hankali ne kan rage shan mai, saboda kusantar gudun sauti yana cin mai fiye da abin da fasinja zai iya biya.

Mai tafiya umara ko kasuwanci yana da wani lissafin na daban idan jirginsa zai ya da zango. Ta Alƙahira, Kano zuwa can kusan kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Jidda 1,200 da ɗoriya, jimla 4,300. Ta Addis Ababa, 3,300 da 1,400, jimla ta haura 4,700. Ƙarin nisan awa ɗaya ne zuwa biyu, ga hawa da sauka sau biyu, amma babban abin shi ne zaman jira a tsakiya, wanda zai iya zama awa biyu ko ya zama kwana. Tikiti mai araha sau da yawa a nan yake ɓoye tsadarsa. Matashi mai ƙarfi zai iya jurewa. Wanda zai tura mahaifiyarsa ko dattijo mai ciwon suga ko ciwon ƙafa, ya dubi awoyin jiran kafin ya dubi farashi, ya tambayi ejan ƙarfe nawa za a sauka a zangon, ƙarfe nawa za a sake tashi, kuma ko a rana ɗaya ne.

Saura wanda ya ce shida da rabi a tafiya, uku ba kwata a dawowa. Agogo ne ya rikita shi. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma tikiti yana rubuta kowane lokaci da agogon garin da ake ciki. Jirgin da ya tashi Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka ƙarfe 2 da rabi a agogon Kano, amma 4 da rabi na yamma a agogon Jidda. A dawowa, wanda ya tashi Jidda ƙarfe 10 ya yi awa biyar ba kwata, zai sauka Kano ƙarfe 1 saura kwata. A cire awa biyu a tafiya, a ƙara biyu a dawowa, lissafi ya daidaita.

Wannan awa biyu ba a agogo kaɗai take ba, a rana ma haka take. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, tsakanin Kano da Jidda kuma akwai digiri 30 da ɗoriya daga yamma zuwa gabas, don haka rana tana riga faɗuwa a Jidda da kusan awa biyu. Mai tafiya gabas wuninsa gajere ne. Wanda ya tashi da hantsi, azahar za ta same shi a saman Chadi ko Sudan da wuri fiye da yadda agogon hannunsa ke nunawa, kafin ya gama da jami'an shige da fice la'asar ta yi nisa. Mai azumin da ya tafi umara da rana zai sha ruwa awa biyu kafin iyalinsa na gida, ranar dawowa kuma azuminsa zai fi na kowa tsawo. Lokacin salla da na buɗa baki a jirgi yana bin rana ne a inda jirgin yake, don haka taga ta fi agogon waya amfani.

Haka batun miƙati ga wanda zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda. Malamai sun yi saɓani a kan inda mai zuwa daga yamma ta saman Bahar Maliya zai ɗaura niyya, kowa ya bi abin da malaman tawagarsa suka karantar da shi. Abin da lissafin gudu ke ƙarawa a nan shi ne jirgi yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya. Wanda ya jira sai an yi sanarwa sannan ya tashi neman haraminsa a cikin jaka, ya bi layin banɗaki a jirgi mai ɗauke da mutum 400 ko fiye, minti goma sun ishi jirgin ya wuce wurin da kilomita 140. Shi ya sa malaman bita ke cewa a yi wanka a ɗaura harami tun a ƙasa kafin a shiga jirgi, a bar niyya da talbiyya kaɗai su jira sanarwar matuƙi.